Denis Burkitt, likitan da ya bi sawun ciwo

An haifi Denis Burkitt a shekara ta 1911 a garin Enniskillen, cikin ƙasar Irlanda. Yana da shekara 11 aka jefe shi da dutse, idonsa na dama ya mutu. Wannan bai hana shi karatu ba. Ya gama koyon aikin likita a birnin Dublin a 1935, ya zama likitan fiɗa.

A 1946 ya tafi aiki ƙasar Uganda. Wata rana cikin 1957, a asibitin Mulago na Kampala, aka nuna masa wani yaro ɗan shekara 5, muƙamuƙinsa ya kumbura ƙwarai. Ba a daɗe ba ya ga wani yaron da irin wannan kumburi. Sai ya shiga binciken tsofaffin takardun asibiti. A 1958 ya rubuta bayanin yara 38. Ashe ciwon daji ne da ke tasowa daga fararen ƙwayoyin jini. Yana girma da sauri, yana kashe yaro cikin ƴan watanni.

Burkitt ya so ya san inda ciwon yake da inda babu shi. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka shiga wata tsohuwar mota, suka yi tafiyar kilomita wajen 16.000, suna tambaya asibiti asibiti. Suka gane ciwon ba ya son tuddai masu sanyi. Da ya zo Afirka ta yamma, ya tarar da shi da yawa a kudancin Najeriya mai ruwan sama, amma kaɗan ne a wajen Kano. Wato ciwon ya fi yawa inda sauro da zazzaɓinsa suka yi katutu.

Burkitt ya riƙa aika wa wani masani, Anthony Epstein, yankin kumburin a London. A 1964 Epstein da abokan aikinsa suka gano wata ƙwayar cuta a ciki. Ita ce ta farko da aka san tana da hannu a ciwon dajin mutum.

Fiɗa ba ta warkar da ciwon. Sai Burkitt ya roƙi magani daga masu yin sa, ya gwada. Kumburi ya riƙa sacewa cikin kwanaki, yara da dama suka warke. Ya rasu a Ingila a 1993. Har yanzu ana kiran ciwon da sunansa.

Yara, mu ma a Gidimuni tabkuna sun kewaye mu, sauro bai yi mana kaɗan ba. Ku kwana cikin sange. In kun ga kuncin ƙanenku ko cikinsa yana kumbura da sauri, ku gaya wa iyayenku su kai shi gidan likita tun da wuri, kada a tsaya sakiya. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi babban asibitin Damagaram.