Sarki Qianlong na Sin da kwalaben garin taba

An haifi Qianlong, sarki a daular Qing ta ƙasar Sin, a shekarar 1711, ya kuma hau gadon sarauta a 1735 bayan rasuwar mahaifinsa, Yongzheng.

Ya shahara wajen yaƙi da rubuta waƙoƙi, amma masu tara kayan tarihi kan tuna shi da 'yan kwalaben garin taba da aka sassaƙa a zamaninsa, waɗanda ba su wuce tafin hannu ba.

Turawa ne suka kai garin taba ƙasar Sin, inda aka ɗauke shi a matsayin maganin mura da ciwon kai. Da yake danshi na ɓata shi cikin akwatunan Turawa, sai masu sana'a suka koma yin kwalabe masu murfi da ɗan cokali. Aikinsu ɗaya da battar da tsofaffi ke riƙewa a ƙauyukan Babura da Kazaure, sai dai waɗannan na fada ne, kuma sarkin kan ba da su kyauta ga fadawansa.

Ma'anar zane

Ba don ado kaɗai ake zanen da ke jikinsu ba. Jemage, wanda Bahaushe ba ya ɗauka da daraja, alamar sa'a ce a can, domin a harshen Sinanci sunansa da kalmar sa'a furucinsu ɗaya. Kifi na nufin wadata, barewa babban muƙami, gauraka kuma tsawon rai.

Akan sassaƙa su da aƙiƙ ko dutsen jade, wanda sarkin ya fi ƙauna. Shi kuwa wannan dutse yana da tarihi mai ɗaci. Tsakanin 1755 da 1759 dakarun Qianlong sun murƙushe al'ummar Dzungar, inda suka hallaka ɗimbin jama'a, suka kuma mamaye garuruwan Musulmi na yankin da ake kira Xinjiang. Daga nan ne jade na Khotan ya riƙa kwarara zuwa Beijing a matsayin gaisuwar dole.

A ƙarshen mulkinsa cin hanci ya yi katutu a fada, musamman a hannun na gaban goshinsa, Heshen.

Ya yi murabus a 1796 don kada ya zarce shekaru 61 da kakansa Kangxi ya yi yana mulki, ko da yake ya ci gaba da juya akalar ƙasar har ya mutu a 1799.

Kwanaki kaɗan bayan haka, magajinsa Jiaqing ya tilasta wa Heshen kashe kansa.