Jesse Livermore: Ya San Kasuwa, Zuciyarsa Ce Ta Gagare Shi

A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mun zaɓo tarihin wani ɗan kasuwar Amurka. Hajarsa ba irin tamu ba ce, hannayen jari yake saye da sayarwa, amma halin da ya karya shi kowa ya san shi a kasuwa.

An haifi Jesse Livermore a 1877 a jihar Massachusetts, ɗan manomi ne. Yana da shekara 14 ya gudu daga gida zuwa birnin Boston, ya samu aikin rubuta farashi a allo a ofishin dillalan Paine Webber. Yana rubutu yana lura da yadda farashi ke hawa da sauka, yana ajiyewa a ɗan littafinsa. Daga nan ya shiga shagunan da ake zuba kuɗi a kan ko farashi zai tashi ko zai faɗi, wanda in za a faɗi gaskiya caca ce. Ya yi ta cinye su har suka hana shi shiga, sai ya koma New York.

A rikicin kasuwa na 1907 ya ci ribar kusan dala miliyan 1 a yini guda. Dabararsa ita ce ya ari hannun jari ya sayar da tsada, in farashi ya faɗi ya sayo da araha ya mayar.

Dokokinsa ba su da yawa: kada ya bi jita-jita, kada ya ƙara kuɗi a kan hajar da ke faɗuwa, in asara ta fara ya yanke ta tun tana ƙarama. A 1908 ya taka su duka. Wani gwanin cinikin auduga ya zauna da shi ya yi ta kawo masa hujjoji har ya bar ra'ayinsa ya ɗauki na mutumin. Auduga na faɗuwa, shi kuwa yana ƙara saye. Kamar yadda littafin Edwin Lefèvre na 1923 ya nuna, wanda aka gina a kan rayuwarsa, yana da alkama da ke kawo masa riba a lokacin, amma ita ya sayar ya riƙe audugar. A ganina nan ne abin ya fi ciwo, domin ba rashin sani ba ne. Kunyar amsa cewa ya yi kuskure ce ta cinye masa yawancin dukiyarsa. Duk wanda ya taɓa ƙin sakin kaya a sito yana jiran farashin jiya ya dawo, ya san wannan zafin.

Shekaru ya yi cikin bashi, a 1915 kotu ta tabbatar ya karye. Da wani dillali ya ba shi damar sayen hannun jari 500 kacal, sai da ya yi mako shida yana kallon farashin kamfanin ƙarfe na Bethlehem Steel bai taɓa ba, har lokacin da ya yarda da shi ya yi. Ya saya, ya ci riba, ya farfaɗo, ya kuma biya masu binsa ko da yake doka ta riga ta sauke masa nauyin.

Bayan haka ya yi abin da na fi yaba masa. Tunda ya gane ba zai iya amincewa da kansa ba, sai ya ware wani kaso ya ɗaure shi a asusun amana don iyalinsa, yadda ko shi ba zai iya cirewa ya zuba a kasuwa ba.

Da kasuwar New York ta rushe a 1929, mutane na tsiyacewa, an ƙiyasta ya samu kusan dala miliyan 100. Cikin shekara biyar kuɗin suka watse, ya sake karyewa a 1934. A 1940 ya wallafa littafi mai koyar da dokokin nan nasa. A watan Nuwamba na shekarar, bayan doguwar fama da ciwon damuwa, ya kashe kansa a wani otal a New York yana da shekara 63.