Leo Baekeland: Ɗan Baduku Da Ya Shigar Da Roba Cikin Injin Mota

A Hausa kalmar “roba” ɗaya ce muke kiran tayar mota da bokiti da marfin biro da ita, alhali ba dangi ɗaya ba ne. Akwai wadda ake tatsa daga itace, akwai wadda ake haɗawa da sinadarai a masana'anta. Wanda zan ba da tarihinsa a nan shi ne ya fara haɗa irin ta biyun, wadda babu ɗigon danƙon itace ko na dabba a cikinta.

An haifi Leo Baekeland ranar 14 ga Nuwamba, 1863, a garin Gent na ƙasar Beljiyam. Mahaifinsa gyaran takalma yake yi, mahaifiyarsa kuma aikatau. Ya karanta kimiyyar sinadarai a jami'ar garinsu, ya sami digirin dakta yana ɗan shekara 21. A 1889 ya auri Céline Swarts, 'yar malaminsa, a shekarar kuma suka ƙaura Amurka. A can ya ƙirƙiro takardar wanke hoto mai suna Velox, wadda ba ta bukatar hasken rana. A 1899 George Eastman, mai Kodak, ya sayi kamfanin da ke yin ta a kan dala 750,000, Baekeland ya raba da abokan cinikinsa. Da rabonsa ya sayi gida a Yonkers, kusa da New York, ya kafa ɗakin gwaje-gwaje a harabar gidan. Yana cikin mutanen farko da suka kamu da son mota, har ya zaga Turai da iyalinsa a cikinta ya rubuta littafi a kan tafiyar.

A wancan zamani abin da ake shafa wa kayan lantarki don kada wuta ta ratsa shi ne shalak, wani danƙo da ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya. Yana da tsada, ga shi ba ya jure zafi. Baekeland ya shiga neman madadinsa ta hanyar haɗa sinadarai biyu, finol da fomaldihaid. Ba shi ya fara haɗa su ba. Tun 1872 wani Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya ga irin wannan haɗi yana haifar da wani ƙullutu mai tauri da ke lalata kwalaben gwaji, masana suka ɗauke shi shara.

A ganina nan ne gwanintar mutumin take, kuma nan ya kamata mai karatu ya tsaya. Idan aka ɗora haɗin a wuta, ruwa yakan fito daga cikinsa ya zama tururi, tururin ya cika shi da kumfa, sai ya bushe da huji-huji kamar soso, da an matsa ya farfashe. Waɗanda suka riga shi rage wuta suke yi. Shi kuwa sai ya ƙara wutar, amma ya rufe haɗin a cikin wata tukunyar ƙarfe mai matsi, wadda ya kira Bakelizer, matsin ya hana kumfar tashi. Ya kuma gano yadda za a tsai da dahuwar a tsakiya, a niƙa abin ya zama gari, a gauraya shi da dusar katako don ya daina tsagewa. Wannan gari ake zubawa a mazubin ƙarfe, kamar yadda mai bulo ke cika nasa, a danne shi da zafin da ya kai wajen digiri 150. Cikin 'yan mintoci sai ya fito da siffar mazubin daidai, kuma daga ranar wuta ba ta sake narka shi. A 1907 ya nemi rajistar ƙirƙirar, aka ba shi a Disamban 1909. Ya raɗa mata suna Bakelite, a 1910 kuma ya kafa kamfanin yin ta.

Masu ƙera motoci ba su yi sanya ba. Inji wuri ne na zafi da mai da jijjiga, ga wuta mai ƙarfi da dole a rarraba wa fulogogi ba tare da ta kauce ba. Baƙar hular nan ta distiributa da ake gani a tsofaffin motoci da Bakelite aka riƙa zuba ta. Aka kuma jiƙa ƙyalle da danƙon, aka danne shi hawa-hawa, aka yanka haƙoran giya da ba sa ƙara irin ta ƙarfe. Masu yi wa inji kwaskwarima don tsere suna yanka irin wannan allo su sa a ƙarƙashin kafireta, don zafin inji kada ya hau ya tafasa fetur. Wani abin mamaki shi ne danƙon da kansa ya koma abin yin mazubi: a shekarun 1940 Johannes Croning a Jamus ya gauraya shi da yashi, ya gasa a jikin samfur mai zafi, ya sami ɓawo siriri da ake kwarara narkakken ƙarfe a ciki don zuba sassan inji.

Ƙarshen rayuwarsa babu armashi sosai. Ɗansa George bai so riƙe kamfanin ba, don haka a 1939 aka sayar wa Union Carbide. Baekeland ya koma Florida ya keɓe kansa, yawancin abincinsa na gwangwani. Ya rasu ranar 23 ga Fabrairu, 1944, a wani gidan jinya a garin Beacon na jihar New York, yana da shekara 80. Tukunyarsa ta farko tana hannun gidan tarihi na Smithsonian a Washington.