Anna Pavlova: 'yar mai wanki da ta yi fatauci da rawa

Mu nan rawa aba ce ta biki da dandali. A ƙasar Rasha kuwa akwai wata rawa da ake kira bale, wadda ake shiga makaranta a shekara takwas ana koyo, mace na tsayawa a kan tsinin yatsun ƙafa tana juyi. A wannan sana'a ba a yi wadda sunanta ya zagaya duniya kamar Anna Pavlova ba.

An haife ta a birnin Sen Pitasbag a 1881. Uwarta wanki take yi ana biyan ta. Da aka fara kai ta makarantar rawa ta gidan sarauta, sai aka mayar da ita, wai ta yi ƙanƙanta kuma ga ta siririya. Sai a 1891, tana da shekara 10, aka karɓe ta. Ƙafarta ma ba ta dace da aikin ba: idon sawun siriri, tafin a lanƙwashe ƙwarai. Dabarar da ta yi ita ce ta ƙara wa takalminta fata mai tauri daga ƙasa. Wasu suka ce maguɗi ne, amma daga baya irin wannan takalmin ya zama na kowa.

Ta gama makaranta a 1899, ta shiga gidan wasa na Mariinsky, a 1906 ta kai matsayin babbar 'yar rawa. Wasan da ya fito da ita bai kai minti biyar ba. Tana kwaikwayon wata farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, mai kama da dinya, a lokacin da take mutuwa. Ta yi shi kusan sau 4,000.

Abin da ya fi burge mu shi ne shawarar da ta yanke bayan haka. Tana da albashin gidan sarki da girma, amma ta bar su, ta sayi gida a Landan a 1912, ta kafa ƙungiyarta. Daga nan albashin 'yan rawa da kuɗin jirgi da na dakon akwatunan tufafi duk suka dawo wuyanta. Duk wanda ya taɓa ƙetare iyaka da kaya ya san wannan lissafin. Ta bi jirgin ruwa da na ƙasa zuwa Amurka, Japan, Indiya, Masar, Afirka ta Kudu da Ostareliya, har garuruwan da ba su taɓa ganin bale ba. A Meziko cikin filin wasan bijimai ta yi rawa a 1919. Masu son fim ɗin Indiya su sani cewa a 1923 ta ɗauki wani saurayi, Uday Shankar, suka yi rawa tare, shi ne daga baya ya zama jigon rawar zamani a Indiya. Rasha kuwa, tun da ta fita a 1914 ba ta sake komawa ba.

A hanya ajali ya same ta. Sanyi ya kama ta tana tafiya birnin Hag na ƙasar Holan domin fara wani sabon zagaye, ya zama ciwon huhu. Ta rasu a masaukinta ranar 23 ga Janairu 1931, saura 'yan makonni ta cika shekara 50. Akwai wani kek na farin ƙwai da sukari da aka sa wa sunanta, Ostareliya da Niyu Zilan kowace na cewa ita ta fara yin sa.