Henry Blair: Manomin da bai iya rubutu ba, amma ya sa hukuma ta rubuta haƙƙinsa

'Yan'uwanmu mazauna Silver Spring a jihar Maryland na kai-kawo kullum a yankin da wani manomi baƙar fata ya kafa tarihi. Sunansa Henry Blair, an haife shi a Glen Ross wajen shekarar 1807, lokacin da ake tsaka da bauta a Amurka.

Blair ya san wahalar shuka da hannu, wadda duk wanda ya taso a karkara ya sani. Sai ya ƙera wata na'ura mai kama da baro, tana da mazubin iri, tana tafiya tana zuba masara, wasu haƙora kamar na manjagara suna bi suna rufewa.

Bai tsaya nan ba. Ya kai ta Ofishin Rajistar Ƙirƙira da ke Washington, aka ba shi takardar mallaka ranar 14 ga Oktoba, 1834. A 1836 ya sake samun ta biyu, ta na'urar shuka auduga. Da yake bai iya rubutu ba, alamar X ya yi a gurbin sa hannu. Shi ne baƙar fata na biyu da aka sani da samun irin wannan takarda a Amurka, bayan Thomas Jennings a 1821.

Takardar ta ba shi ikon hana kowa ƙera na'urarsa ko sayar da ita ba da izininsa ba, tsawon shekara 14. Da yawa ba su samu wannan dama ba, domin a 1858 hukuma ta yanke cewa abin da bawa ya ƙirƙira ba ya samun rajista. Blair ya rasu a 1860.

Yau ofishin yana Alexandria a Virginia, wa'adin kuma shekara 20 ne daga ranar shigar da takarda. Tun 2013, wanda ya riga shigarwa shi ke da rinjaye. Rajistar Amurka ba ta aiki a gida: ta Najeriya a Abuja ake yi, ta Nijar kuwa ta hannun hukumar OAPI.

Don haka maƙerinmu na Kano ko Maraɗi da ya haɗa sabon injin sussuka, ya fara neman takarda tukuna kafin ya ɗora bidiyonsa a TikTok. In ya riga ya nuna wa duniya, zai iya rasa damar rajistar gaba ɗaya.