Sarkin Musulmi Attahiru I: Tafiyar gabas da ta tsaya a Bormi

Maniyyacin da ya tashi daga filin jirgin saman Gombe da ke Lawanti yakan sauka a Jidda ko Madina cikin kimanin sa'o'i biyar, bayan ya keta tazarar fiye da kilomita 3,000. Wannan hanya ta gabas ita ce Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya ya kama bisa doki a 1903, amma ajali ya tare shi a ƙasar Gombe.

Attahiru ɗa ne ga Sarkin Musulmi Ahmadu, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya hau gadon sarauta a watan Oktoban 1902, bayan rasuwar Abdurrahman, a daidai lokacin da Turawan Ingila suka riga suka karɓe Bida da Yola da Bauchi. A ranar 3 ga Fabrairun 1903 Kano ta faɗi, sannan a ranar 15 ga Maris aka gwabza a filin Giginya da ke Sakkwato, inda bindigogin Turawa suka rinjayi dakarun daular.

Maimakon ya miƙa wuya, sai ya zaɓi hijira, kamar yadda kakansa Shehu ya yi zuwa Gudu a 1804, da niyyar isa ƙasar Makka. Duk inda ya ratsa, manoma da malamai da sarakuna suka riƙa barin gidajensu suna bin sa, cikinsu har da Sarkin Misau Ahmadu. Yawan jama'ar ya tayar wa Turawa hankali, domin sun ga ƙasar da suka ci tana neman zama kufai. Suka naɗa Attahiru na Biyu a Sakkwato, suka kuma bi sawun mai hijira.

A Bormi, kusa da Bajoga, aka yi karo biyu. A ranar 13 ga Mayu mutanen garin suka kori rundunar Kyaftin Sword. A ranar 27 ga Yuli Turawa suka dawo da ƙarin ƙarfi, aka wuni ana fafatawa. Nan Attahiru ya kwanta dama tare da mutane fiye da 600, haka ma kwamandan Turawa, Manjo Marsh, ya rasa ransa. Duka-duka wata tara ke nan da naɗa shi.

Tafiyar ba ta ƙare da shi ba. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'ar, suka shafe shekaru a hanya kafin su yada zango a gaɓar kogin Nilu, kusa da Sinnar a Sudan. Garin da suka kafa, Mai Wurno, yana nan har gobe, kuma ana jin Hausa da Fulatanci a cikinsa.

Kabarin Attahiru kuwa yana Bormi, cikin Ƙaramar Hukumar Funakaye, a jihar da alhazanta ke barin gida da hantsi su yi Magariba a Hijaz. Allah Ya jiƙansa da rahama.