Nwafor Orizu: Shugaban Majalisar Dattawan Da Ya Miƙa Mulki Ga Sojoji

An haifi Akweke Nwafor Orizu a gidan sarautar Nnewi, cikin Jihar Anambra ta yau. Ya yi karatun jami'a a Amurka. Da ya dawo gida sai ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dakta Nnamdi Azikiwe, wadda a ƙarƙashinta ya zama sanata, daga bisani ya gaji Dennis Osadebay a kujerar Shugaban Majalisar Dattawa.

A Jamhuriya ta Farko majalisar tarayya zaure biyu ce. Majalisar Wakilai tana da kujeru 312, jama'a ne ke zaɓen masu hawansu. Daga cikinta Firaminista yake fitowa, a nan kuma ake fara gabatar da ƙudurin da ya shafi kuɗi. Majalisar Dattawa kuwa gwamnatocin yankuna ne ke tura akasarin 'ya'yanta, kuma tana da ikon duba ƙuduri, ta yi masa gyara ko ta jinkirta shi. Sai dai tsarin mulkin 1963 ya ɗora wa shugabanta babban nauyi: idan Shugaban Ƙasa ba ya gari, shi zai riƙe masa kujera.

Wannan tanadi ne ya sa Orizu yake riƙon ƙasa ranar 15 ga Janairun 1966, lokacin da Azikiwe yana ƙasar waje, wasu hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki, suka sace Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kuma kashe shi. Ministocin jam'iyyar NPC suka gabatar da Zanna Bukar Dipcharima don ya riƙe muƙamin Firaminista, amma Orizu bai rantsar da shi ba. A daren 16 ga wata ya sanar ta gidan rediyo cewa an miƙa mulki ga Manjo Janar Aguiyi-Ironsi.

Nan take aka dakatar da majalisar, dokokin soja suka maye gurbin muhawara da ƙuri'a. Nijeriya ba ta sake samun zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki ta ƙasa ba sai a 1979, bayan shekara 13.

Orizu ya rasu a 1999. Har yau masana tarihi na saɓani kan ko tilas ce ta sa shi miƙa mulkin, ko kuwa yana da wata mafita.